Kundin aiki: bawul ko dayod a amfilifayar ogan ta Hammond AO-39

11 ga Janairu, 2025

Abin da ke kan tebur amfilifaya ce ta Hammond, samfurin AO-39, wadda ke tura sifikoki biyu masu inci 12 a cikin ogan A-100. Kamfanin Hammond na Shikago ya ƙera A-100 daga 1959 zuwa 1965. Injin sautinta irin na ogan Hammond B-3 ne, sai dai ita an haɗa mata amfilifaya da sifikoki a jikinta. Bawul, wato kwalbar gilashi mara iska mai sarrafa wuta, guda huɗu ne a kan AO-39: 12AX7 a gaba, 6BQ5 guda biyu masu ba da ƙarfi, waɗanda a Turai EL84 ake ce musu, sai 5U4GB, rektifaya ke nan, mai mayar da wutar AC ta taransifoma zuwa DC.

Wannan 5U4GB ɗin ya mutu. Tabon nan mai ƙyalli kamar azurfa da ke cikin gilashinsa ya koma fari kamar alli, alamar iska ta shiga. To, ko dai a nemo wani bawul, ko a sa dayod na silikon, mai barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, da ake samu a kowane shagon kayan rediyo. Masu gyara sun daɗe suna jayayya a kan wannan, mafi yawanta kuma a kan sauti ce. Mu awo za mu bi: ƙarfin wuta, karant, zafi, sannan kunne ya biyo baya.

Kafin a taɓa komai, an zubar da wutar kafasitoci ta resista mai om 10,000, wat 5, aka tabbatar da mita cewa babu saura. Wutar da ke cikin wannan ƙarfe tana haura bolt 400, tana kuma kisa ko bayan an zare filogi.

Awon sanyi, ɗaki yana digiri 31: naɗin babbar wuta na taransifoma om 62 daga wayar tsakiya zuwa ƙafa ta 4 ta soket, om 66 zuwa ƙafa ta 6, jimla om 128. Bambancin nan na om 4 ba aibi ba ne, rabin da aka naɗa a waje ya fi tsawon waya. Naɗin shiga om 3.2. Babu wanda ya taɓa ƙarfen jiki a cikinsu.

18 ga Janairu

Ba a gwada rektifaya a kan tsofaffin kafasitoci, domin kafasitar da ke yoyo tana jan karant ta ɓata duk lissafi. An cire gwangwanin kafasitoci na asali daga layi, an bar shi a wurinsa don kyan gani, aka ɗaura sababbi a ƙarƙashi masu jure bolt 500. Ta farko, wadda ke bin rektifaya kai tsaye, µF 40 ce, kuma da gangan ba a ƙara ta ba. Adadin da takardar bayanin 5U4GB ta masana'anta ta yi misali da shi ke nan. Idan aka zuba µF 100 a wurin don kashe gurnani, kowane zagaye bawul zai riƙa cika ta da gajeren karant mai tsananin yawa, iyakarsa kuwa amfiya 1 ce a kowane faranti na ƙarfe, biyu ne a cikinsa. Da ya wuce haka sai tartsatsi a cikin gilashi.

Kafasitocin da ke kai sauti zuwa ƙafa ta 2 ta kowane 6BQ5 su ma an sauya su da na leda masu bolt 630. Resistar katod (sashen bawul mai sakin lantarki idan ya yi zafi), wadda bawul biyun suka yi tarayya a kanta a ƙafa ta 3, ta toye har ba a karanta launinta. An sa om 130, wat 5, kamar yadda takardar 6BQ5 ta tsara wa bawul biyu masu aikin tura-ka-ja a bolt 300. An ƙara resista mai om 220,000, wat 2, a kan kafasita ta farko don ta riƙa zubar da wuta bayan an kashe. An kuma sa igiya mai waya uku, ta ukun an ɗaure ta da kusa a ƙarfen jiki.

An yi wannan amfilifaya don wutar Amurka ta wancan zamani, bolt 117 mai Hz 60, wato zagaye 60 a daƙiƙa. Tamu bolt 230 ce mai Hz 50. Saboda haka wuta tana bi ta sitef-dawun, sannan ta taransifoma mai murɗawa da ke ba mu damar tsayar da ita daidai a 117. Kunnawar farko ta kwan fitila mai zare na wat 100 aka yi ta, a jere da layi, duk bawul a cire. Kwan ya ɗan yi ja kaɗan ya tsaya. Babbar wuta ba lodi: bolt 285 kowane ɓangare. Ƙololuwarta ita ce 285 sau 1.414, wato bolt 403. A riƙe wannan adadi, zai yi ta dawowa.

1 ga Fabrairu

An samu 5U4GB mai lafiya. Zarensa yana cin amfiya 3 a bolt 5 ta ƙafa ta 2 da ta 8, wat 15 ke nan da ba ya shiga sauti ko kaɗan, zafi kawai yake zama. Takardarsa ta ce yana cinye bolt 44 a mA 225, bolt 50 a mA 275. Ta kuma nemi aƙalla om 21 na tirjiya a kowane faranti idan taransifoma tana ba da bolt 300. Namu ya wuce haka nesa: om 62 zuwa 66 na naɗin, a tara da om 3.2 na naɗin shiga sau 5.9, wanda shi ne ninkin 285 bisa 117 da kansa, ya ba da kusan om 83.

Bayan minti 20 a bolt 117, B+, wato babbar wutar DC da ke ciyar da bawul, a kan kafasita ta farko bolt 314 ne. Farantin 6BQ5, ƙafa ta 7, bolt 306. Katod bolt 10.6. Raba 10.6 da om 130, ka samu mA 81.5 na bawul biyu, kusan 41 kowanne. Cire kamar mA 4 na sikirin (ragar waya a cikin bawul da ita ma ke jan karant), saura 37 na faranti. Ninka da bolt 295 da ke tsakanin faranti da katod: wat 10.9. Iyakar 6BQ5 wat 12 ce, iyakar wutar farantinsa kuma bolt 300. Wato tun daga masana'anta a bakin gaɓa yake zaune. Duk wani ƙari da rektifaya zai kawo, a kan wannan ɗan ragowar wat ɗaya zai sauka.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa rektifaya na bawul yana tayar da wuta a hankali, yana lallaɓa sauran bawul. Ga 5U4GB wannan ba haka ba ne. Zarensa shi ne katod ɗinsa, cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 ya yi zafi. Su kuwa 6BQ5 sai sun haura daƙiƙa 10 kafin su fara jan karant. A tsakanin nan mita ta nuna bolt 396, kafin ta gangaro zuwa 314. Bambancinsa da dayod a wannan fanni 'yan daƙiƙu ne kawai.

8 ga Fabrairu

Yau dayod zalla, ba tare da wani ragi ba.

Da farko lissafin wutar baya. A tsarin naɗi mai wayar tsakiya, lokacin da dayod ɗaya ke wucewa da wuta, ɗayan yana riƙe da ninki biyu na ƙololuwa: 403 sau 2, bolt 806. Idan wutar gari ta ɗaga da kashi 10 cikin 100, ya zama 887. Shi 1N4007 bolt 1,000 yake jurewa. Tazarar ta yi kaɗan ga layin da ke samun harbin wuta lokacin kunnawa da kashewa. Shi kuwa 5U4GB bolt 1,550 yake jurewa, kuma ko ya yi tartsatsi sau ɗaya yakan ci gaba da aiki. Dayod idan ya fashe gajeruwar hanya yake zama, ya tura AC cikin kafasita, ya toya taransifomar da ba a ƙera irinta kuma. Saboda haka biyu-biyu aka jera a kowane ɓangare, duk daga kwali ɗaya. Ɓangaren da ba zobe yana kallon ƙafa ta 4 da ta 6, masu zoben suka haɗu a ƙafa ta 8.

Da kunnawa, mita ta yi tsalle zuwa bolt 407, ta zauna can daƙiƙa 12. Ta ɗara 396 ɗin 5U4GB, domin dayod bai kai bawul cin wuta ba, kuma an sauke wa taransifoma nauyin wat 15, duk naɗe-naɗenta suka ɗan ɗaga. Hita ma, wato zaren da ke ɗumama sauran bawul, ta tashi daga bolt 6.3 zuwa 6.45. A cikin waɗannan daƙiƙu babu mai jan karant, don haka resistocin da ke rage wuta zuwa 12AX7 ba sa rage komai. Kafasitar da a aiki bolt 250 take gani, ita ma 400 take sha. Wanda ya bar kafasita mai bolt 350 a can ciki yana ganin ta yi nisa da rektifaya, nan za ta kumbura masa.

Bayan ɗumi B+ ya tsaya a bolt 352, ƙarin 38. Katod ya hau bolt 12.1, wato mA 93. Kowane faranti kusan mA 42 a bolt 331, wat 13.9. An kashe fitilar ɗaki, aka ga wani ja-ja a kan kabun farantin ɗaya daga cikin 6BQ5. Nan take aka kashe.

Kafin kashewar an auna ƙarfin fita a lodin gwaji da sautin Hz 1,000. Da bawul, wat 14 kafin kan igiyar ya fara yankewa a osiloskof. Da dayod zalla, wat 17.5. A kunne desibel 1 ne, ba ya kai abin da za a sayar da ran bawul biyu saboda shi. Amma wannan desibel ɗin shi ne tushen yawancin shaidar da ake bayarwa cewa dayod ya fi kaifi da tauri. Amfilifayar tana aiki ne a wani matsayi daban, da wuta mafi yawa da karant mafi yawa. Kwatancin bai zama na adalci ba sai an daidaita B+.

15 ga Fabrairu

An gwada GZ34, wanda a Amurka 5AR4 ake kiransa. Soket ɗaya ne, yana cin amfiya 1.9 kacal, yana cinye bolt 17 a mA 225. Shi katod ɗinsa daban yake da hita, don haka da gaske yake tashi a hankali: wuta ta hau sannu a hankali tare da 6BQ5, ba ta wuce bolt 350 ba. Sai dai B+ ya zauna a 338, katod 11.5, kowane faranti wat 12.7. Ya wuce iyaka. An ajiye shi.

Gargaɗi ga mai A-100 da ke ɗauke da amfilifayar amo ta AO-35. Rektifayanta 5Y3GT ne, mai cin amfiya 2, mai cinye bolt 50 zuwa 60 a mA 125. 5U4GB zai shiga soket ɗinta daram, amma zai ja amfiya 3 daga naɗin da aka yi don 2. Kada a yi. Kuma da yake 5Y3GT ya fi cinye wuta, dayod zalla a can tsallensa zai fi na nan.

22 ga Fabrairu

Aikin yau shi ne a mayar da dayod zuwa bolt 314 da resista. Kuskure biyu aka yi, kuma duka biyun tushensu ɗaya.

Lissafin farko: bolt 38 a raba da mA 84, wato karant ɗin 6BQ5 haɗe da na sauran layin, ya ba da om 452. Aka sa om 470 tsakanin ƙafa ta 8 da kafasita ta farko. B+ ya faɗo zuwa 272. Dalili kuwa, karant ɗin da ke bi ta wannan wuri ba ya gudana sumul. Dayod ba ya buɗewa sai wutar taransifoma ta haura wadda ke cikin kafasita, ɗan lokaci kaɗan a kan ƙololuwar kowane rabin zagaye. A wannan ɗan lokaci ne ake ɗura duk abin da amfilifaya za ta sha har zagaye na gaba, don haka karant ɗin yakan kai ninki huɗu ko biyar na matsakaicin da mita ke nunawa. Resista a wannan gurbi tana rage wuta fiye da yadda lissafin DC ya nuna. Om 452 zai yi daidai ne idan bayan kafasitar aka sa shi, amma a can kafasita ta farko za ta ci gaba da zama a babbar wuta, B+ kuma ya riƙa lilo sosai da ƙarar sauti.

Aka yi ta saukowa: om 270, om 220, har om 180 ya ba da bolt 314 cif. Kuskure na biyu a girman resistar ne. Lissafin DC ya ce 0.084 sau 0.084 sau 180, wat 1.3, sai aka sa mai wat 2. Cikin minti 10 fentinta ya yi baƙi, ta fara wari. Zafin resista yana bin ninkin karant da kansa ne, karant mai zuwa a dunƙule kuwa ya fi mai gudana sumul ɗumamawa. Mita mai auna RMS na gaskiya (karant gwargwadon zafin da yake haifarwa) ta nuna mA 144, wato sau 1.7 na DC. Ainihin zafin wat 3.7 ne, kuma yana ƙaruwa idan an buɗe sauti. An sa mai wat 10 ta waya, an ɗaga ta daga ƙarfen jiki, nesa da kafasitoci.

8 ga Maris

Yanzu an samu abin kwatantawa: 5U4GB a bolt 314, dayod da om 180 a bolt 314.

Abin da masu son bawul ke yabo shi ne lotsawa, wato yadda B+ ke sauka idan an matsa wa amfilifaya, sauti ya yi laushi. An auna ta daga shiru zuwa cikakken ƙarfi. Da 5U4GB, daga 314 zuwa 301, bolt 13. Da dayod da resista, daga 314 zuwa 299, bolt 15. Awon dayod zalla na ranar 8 ga Fabrairu kuwa daga 352 zuwa 343 ne, bolt 9. Resistar ta ɗan fi bawul lotsawa, kuma akwai dalili: tirjiyar bawul tana raguwa yayin da karant ke ƙaruwa, ita resista ba ta sauyawa.

Me ya sa duk adadin ƙanana ne? Saboda tsarin amfilifayar. Bawul biyu na 6BQ5 masu resistar katod suna jan karant mai yawa tun suna zaune shiru. Takardarsu ta nuna mA 36 kowane faranti a shiru, mA 46 a cikakken ƙarfi, sikirin daga 4 zuwa 11. Jimla daga 80 zuwa 114. Lodin bai ko ninka ba, to da me rektifaya zai lotsa? Bolt 13 cikin 314 bai kai rabin desibel ba. Labarin lotsawa ya samo asali ne daga manyan amfilifayoyin jita, inda karant ke ninkawa biyu ko uku da an kaɗa tsirkiya, sannan sautin ya mutu a hankali wuta ta farfaɗo. Ogan ba haka take ba. Muddin yatsa na kan maɓalli, sautin yana nan a tsaye da ƙarfi ɗaya. B+ ya sauka sau ɗaya ya zauna.

Akwai hujja ma daga gidan ogan kanta. Sifikar nan mai juyawa da Donald Leslie ya fara sayarwa a 1941, samfurinta da aka fi haɗawa da B-3 shi ne Leslie 122 na shekarun 1960. Amfilifayarsa mai wat 40 tana da 6550 guda biyu, da 12AU7, da bawul mai daidaita wuta OC3, amma rektifayanta dayod ne na silikon tun daga masana'anta. Gurnanin nan mai daɗi da ake nema idan an take fedar ƙara har ƙasa, daga 6550 da taransifomar fita yake zuwa, babu bawul na rektifaya a cikin zancen.

An saurara ta sifika, mai sauyawa daban, masu sauraro ba sa ganin abin da ke soket, ƙara a daidaice da mita. Tsakanin 5U4GB da dayod mai resista ba a iya rarrabewa ba, a ƙaramin sauti ko a bakin yankewa.

Abu ɗaya dai ya fito, kuma na dayod ne. Idan aka kanga kunne da sifika cikin shiru, akwai wani siririn zuu a saman gurnanin. 1N4007 ba ya rufewa nan take idan wuta ta juya, yakan bar karant ya koma baya na ɗan lokaci sannan ya datse. Datsewar tana kaɗa naɗin taransifoma, kaɗawar ta tsallaka naɗin hita ta isa 12AX7. Aka sauya zuwa UF4007, mai amfiya 1 da bolt 1,000 shi ma, amma mai rufewa cikin nanodaƙiƙa 75. Zuu ɗin ya ɓace, ba a ma buƙaci ƙarin kafasita a kan dayod ɗin ba.

Wani abu da ya shafi Hz 50 kawai. Ragowar kaɗawar da ke kan B+ ninki biyu ne na wutar gari: Hz 120 a Amurka, Hz 100 a nan. Osiloskof ya nuna kusan bolt 15 daga ƙasa zuwa sama a kafasita ta farko, da bawul da dayod mai resista duk ɗaya. Tsarin tura-ka-ja yana soke mafi yawansa a taransifomar fita, matuƙar bawul biyun suna jan karant daidai da juna. Amma muryar G ta ƙasa Hz 98 ce. Da aka ba amfilifaya Hz 98 a ƙaramin ƙarfi, sai aka ji sautin yana numfashi sau biyu a daƙiƙa, bambancin 100 da 98. Laifin na 6BQ5 ne, ɗaya ya fi ɗaya jan karant da mA 7. Da aka sa tagwaye da aka auna daidai, numfashin ya kwanta. Wanda ya ji irin wannan kada ya ɗora wa rektifaya.

22 ga Maris

Zafin taransifoma ne ya sauya akalar aikin.

Maganaɗisun da ke cikin ƙarfen taransifoma yana bin ƙarfin wuta a raba da yawan zagaye. Bolt 117 a Hz 60 ya ba da 1.95. Bolt 117 a Hz 50 ya ba da 2.34, ƙarin kashi 20 cikin 100. Ƙarfen yana matsowa kusa da ƙoshi, yana jan karant na banza, yana ɗumama. Don a koma daidai sai an sauke wuta zuwa bolt 97.5, wanda hita ba za ta lamunta ba.

Taɓa murfi da hannu ba awo ba ne. Tagulla tana ƙara tirjiya da zafi, don haka naɗin da kansa ma'aunin zafi ne. A bar amfilifaya awa 2, a kashe, a zubar da wuta, a cire rektifaya, a auna tsakanin ƙafa ta 4 da ta 6 cikin minti ɗaya. Ƙarin tirjiyar a raba da ta sanyi, a ninka da jimlar 234.5 da zafin ɗaki. Da om 128 a digiri 31, abin ninkawar 265.5 ne.

5U4GB a bolt 117: om 151, hawan digiri 48. Dayod da om 180 a bolt 117: om 146, digiri 37. 5U4GB a bolt 110: om 145, digiri 35.

Na farkon abin damuwa ne. A ɗakin da zai kai digiri 40 a watan Afrilu, cikin akwatin ogan da iska ba ta ratsawa, matsakaicin zafin naɗin zai haura 88, tsakiyarsa kuma ta fi haka. Takarda da fenti na irin waɗannan tsofaffin taransifomomi digiri 105 ne iyakarsu tun suna sababbi, wannan kuwa ta ba shekara 60 baya ko ta kusa. Amfilifayar gaba ɗaya kusan wat 60 take ci. Zaren 5U4GB shi kaɗai rubu'in wannan ne.

Sauke wuta zuwa bolt 110 da bawul ya rage zafi, amma B+ ya koma 295, zaren rektifaya ya koma bolt 4.7, hita 5.9, ƙarfin fita wat 12 da ɗoriya. Yana aiki, sai dai ba a matsayin da aka tsara ba.

5 ga Afrilu

A bolt 110 naɗin yana ba da bolt 268, ƙololuwa 379. Dayod zalla ya ba da B+ na 331. Rarar da a bolt 117 take toya 6BQ5, a nan ita ce ke cike giɓin da sauke wuta ya bari. Bolt 17 kawai ake buƙatar ragewa, om 82 kuma ya kawo shi 313. Katod bolt 10.6, kamar ranar 1 ga Fabrairu. Hita bolt 6.0, ƙasa da 6.3 da kashi 5 cikin 100, wanda bawul ke jurewa lafiya. Tsallen kunnawa bolt 383, ƙasa da 396 da 5U4GB ke yi a 117. Awon zafi bayan awa 2: om 141, hawan digiri 27. Digiri 21 ke nan ƙasa da tsarin asali a kan wutar Hz 50.

An gina shi a kan gindin mataccen 5U4GB ɗin, bayan an naɗe gilashin da tsumma an fasa shi a hankali, an zuƙe dalmar ƙafafun. Daga ƙafa ta 4: resista om 82 mai wat 5, sai UF4007 biyu a jere, zuwa ƙafa ta 8. Daga ƙafa ta 6 haka nan. Da yake ɓangarorin biyu karɓa-karɓa suke yi, om 82 a kowane ɓangare daidai yake da om 82 guda ɗaya a mahaɗa, sai dai zafin ya rabu biyu, kusan wat 1 kowacce a shiru. Ƙafa ta 2 ba a haɗa ta da komai ba. A tuna naɗin bolt 5 yana nan manne da ƙafa ta 8 a soket, yana ɗauke da cikakken B+ ko da ba ya ciyar da kowa. An sa wa wayoyin rigar da ke jure zafi, an rufe duka da bututun ƙarfe mai huji-huji da ba ya taɓa komai a ciki. An rubuta a jikinsa: bolt 110 kawai.

Da wannan tsari ba a yanke waya ko ɗaya a soket ba. Ranar da amfilifayar ta koma wutar Hz 60, a zare shi a mayar da 5U4GB. A Amurka ta yau, inda wutar gida bolt 120 ce kuma takan ɗara, bawul ɗin ne ya fi dacewa, domin can rage B+ ake nema, taransifoma kuma ba ta fama da ƙarancin zagaye. Mai barin bawul ɗin yana iya jera 1N4007 ɗaya kafin kowane faranti, ya ɗaure su a kunnuwan soket na 3 da na 5 da 5U4GB ba ya amfani da su. B+ ba zai sauya da fiye da bolt 1 ba, amma idan bawul ya yi tartsatsi wata rana, AC ba za ta kai ga kafasita ba.

An ƙara kariya biyu a ƙarƙashi. Fis mai jinkiri na mA 315, mai jure bolt 500, a wayar tsakiya ta babbar wuta. Fis ɗin layin shiga ba ya ganin ƙaramin gajeren haɗi a wannan naɗi sai bayan ya toye. Sai tamista CL-90 (resista da tirjiyarta ke raguwa idan ta yi zafi) a layin shiga, om 120 a sanyi, mai ɗaukar amfiya 2, don tausasa fizgar farko ta kafasitoci da babu kowa a cikinsu. Idan ta yi zafi takan cinye kusan bolt 3, don haka bayanta ake auna 110 ɗin, a kan wayoyin taransifoma. Kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo nan take, tamistar tana da zafi, ba za ta tare komai ba. A kashe makunni, a jira minti ɗaya.

19 ga Afrilu

Awa 6 a jere, ɗaki digiri 39, sautin Hz 400 a sulusin ƙarfi. B+ ya tsaya tsakanin bolt 309 da 313. Jikin resistocin om 82 digiri 85, babu sauyin launi. Fis bai motsa ba a kunnawa 30 daga sanyi. Babu ja a farantin 6BQ5 cikin duhu.

Rauni ɗaya ya rage, kuma ba a cikin amfilifayar yake ba. Sitef-dawun rabo kawai yake yi: idan 230 ta hau 250, 110 za ta zama kusan 120, B+ ya doshi 340, kowane faranti ya wuce wat 12. An gwada da taransifoma mai murɗawa, iyakar da 6BQ5 suka kai wat 12 ita ce bolt 115 a shiga. Saboda haka za a sa sitabilaiza a gaban sitef-dawun, da ƙaramar mitar AC a bayan ogan inda mai kaɗawa zai gani kafin ya kunna. Mako mai zuwa za a mayar da amfilifayar cikin akwati, a rufe bayan, a maimaita awon naɗin bayan awa 2. Idan hawan ya wuce digiri 35, za a buɗe ramukan iska a allon baya, saitin taransifoma.